Masassaƙin Ƙudan Zuma Mai Rawayar Kafaɗa: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai wani ƙaton baƙin ƙwaro mai rawayar kafaɗa da ke shawagi a bakin rumfa ko a cikin furen wake da sassafe, yana ruri mai kauri har yara su watse. Mafi yawan mutane da zarar sun gan shi sai su ɗauki takalmi ko tsintsiya. An tattara tambayoyin da aka fi yi a kansa a nan, domin a san abin da ake shirin kashewa kafin a ɗaga hannu.

Wane irin ƙwaro ne? Buzuzu ne ko zirnaƙo?

Ba ɗaya daga ciki. Ƙudan zuma ne, ɗan uwan wanda ke shiga amya, sai dai shi ba ya zaman taro, kuma a cikin busasshen itace yake fafe gidansa, shi ya sa muka kira shi masassaƙi. Danginsa duka masana suna kiransu Xylocopa, sun kai kusan iri 500 a duniya, akasarinsu a ƙasashe masu zafi. Wanda muke magana a kansa shi ne Xylocopa pubescens, wanda wani masanin ƙwari ɗan Italiya, Massimiliano Spinola, ya bayyana a rubuce a 1838. Yankinsa ya faro daga Indiya, ya ratsa Gabas ta Tsakiya da Masar da Sudan, ya shigo Afirka ta Yamma. A 'yan shekarun nan har an same shi ya kafu a Girka da Sifaniya.

Bambanta shi da sauran ba wuya. Buzuzu yana da ƙoƙon baya mai tauri da ke rufe fukafukansa, shi kuwa masassaƙi fukafukansa huɗu a waje suke, baƙaƙe masu ƙyallin shuni idan rana ta haske su. Rina da zirnaƙo suna da tsukakken ƙugu da siririn jiki, shi kuwa a dunƙule yake, tsawonsa wajen santimita 2 ko ɗan fiye. Zanzaro da laka yake gini, shi kuwa bai san laka ba.

A ƙasashenmu akwai 'yan uwansa da suke kama da shi ƙwarai, irin su Xylocopa olivacea, har masana sai sun sa madubin ƙara girma kafin su raba su. Yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka.

Na ga baƙi mai rawayar kafaɗa, na kuma ga wani rawaya gaba ɗaya. Iri biyu ne?

Iri ɗaya ne, mace da namiji. Macen ce baƙa wuluk mai sheƙi, da gashi rawaya shar a gadon bayanta. Namijin jikinsa duka lulluɓe yake da gashi rawaya mai ratsin kore, kuma bai kai ta ƙiba ba. Macen ce ke fafe itace, ita ke ɗebo abinci, ita ke renon 'ya'ya. Namijin aikinsa ya kama wani wuri, reshe ko gefen bishiya mai inuwa, ya shafa masa wani ƙamshi da ke fita daga jikinsa, ya tsaya cak a iska yana jiran mace, yana korar duk wani namijin da ya kusanto.

Yana harbi?

Namijin ba shi da ƙari sam. Wannan da yake zuwa ya tsaya a gaban fuskar mutum yana ruri, ko an kama shi da hannu ba abin da zai iya yi. Dubawa yake ya ga ko abokin hamayya ne ya shigo masa fili.

Macen tana da ƙari, kuma harbinta da zafi. Ƙarinta ba ya maƙalewa a fata irin na ƙudan amya, saboda haka tana iya maimaitawa ba ta mutu ba. Amma ba ta bin mutum, ba ta kuma da rundunar da za ta taso masa. Sai an damƙe ta, ko an taka ta, ko yaro ya cusa yatsa a raminta. A nan ne ya kamata iyaye su ja kunnen yara, musamman masu toshe ramin da tsinke don su ji kukanta a ciki.

In ta harbi mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara ko tsumma mai sanyi. Kumburin wurin yakan sauka da kansa. Idan kuwa fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri ya kama mutum, to a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Yana yin zuma?

A'a. Ana cewa zuma ga zaƙi ga harbi, to wannan ba a samun zaƙin a wurinsa, harbin ma da ƙyar. Ba ya yin saƙa, ba ya tara kaki. Wanda ya fasa itace don neman zumansa ya ɓata gida a banza.

To itacen yake ci?

Ba ya ci. Gara ce ke cin itace. Masassaƙiya da muƙamuƙanta take gatsar itacen kaɗan kaɗan, tana turo garin waje da ƙafafunta, shi ya sa ake ganin tsibin garin katako mai ɗan kauri a ƙasa daidai saitin ramin. In dare ya yi tsit, ko da rana in gida ba hayaniya, wanda ya kara kunnensa a jikin itacen zai ji ƙarar gatsar a ciki.

Bakin ramin zagayayye ne sumul, faɗinsa santimita ɗaya da 'yan kai, sai ka rantse da na'ura aka huda. Sau da yawa a ƙarƙashin itacen take buɗe shi ko a gefen da ruwan sama ba ya bugu. Tana shiga kaɗan sai ta karya kwana ta bi tsawon itacen, inda ya fi sauƙin fafewa. Daga baya ramin yakan yi rassa. Ɗigon rawaya-rawaya da ake gani a bango ƙarƙashin ƙofar kashinsu ne, don ba sa yi a cikin gida.

Idan ramukan da ka gani ƙanana ne tamkar na allura, garin kuma laushi gare shi sosai, wannan aikin wani ƙwaron katako ne daban. In ka ga laka a jiki, gara ce. Ana yawan ɗora wa masassaƙi laifin waɗannan biyun don shi ne ake gani da ido.

Me ke cikin ramin?

A can ƙuryar ramin take fara aiki. Takan yi ta zirga-zirga tana kawo garin fure a gashin ƙafafunta na baya, da ruwan zaƙin fure a cikinta, ta kwaɓa su ta dunƙula kamar curin fura. A kan curin take ɗora ƙwai guda ɗaya. Ƙwan dogo ne fari, ya zarce santimita ɗaya, kuma ƙwan wannan dangi yana cikin mafiya girma a duk duniyar ƙwari. Sai ta kankaro garin itace daga bangon ramin, ta haɗa da yawunta, ta yi murfi ta rufe ɗakin. Bayan murfin ta sake wani curin, wani ƙwan, wani murfin, a jere har zuwa kusa da ƙofa.

Ƙwan yakan ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta cinye curin nan kaf, ta kwanta ta rikiɗe. A lokacin zafi, wajen wata ɗaya zuwa sati biyar ke nan daga ƙwai zuwa cikakken ƙwaro. Ƙwan da maniyyin namiji ya taɓa shi ke zama mace, wanda bai taɓa ba ya zama namiji, kuma haka abin yake ga ƙudan amya da rina da tururuwa.

Abin lura shi ne ƙarancin 'ya'yan. Sarauniyar amya tana iya zuba ƙwai fiye da dubu a yini. Masassaƙiya kuwa 'yan ɗakuna kaɗan take iya cikawa, kowanne da wahalar tafiye-tafiye masu yawa. Shi ya sa kashe uwa ɗaya a bakin rami ba ƙaramar asara ba ce.

An ce shi kaɗai yake zama, amma na ga biyu ko uku suna shiga rami ɗaya.

Wannan ita ce tambayar da ta sa masana suka daɗe a kan wannan iri musamman. An yi masa dogon nazari a kwarin Araba da ke kudancin Isra'ila. Dan Gerling na Jami'ar Tel Abib da abokan aikinsa sun fitar da babban bayani a kansa a 1983, daga baya Katja Hogendoorn da Hayo Velthuis suka bi diddigin zaman gidansa ɗaya bayan ɗaya.

Mace ɗaya ce ke kafa gida. Idan 'ya'yanta suka fito, ba sa tashi nan da nan. Sukan zauna a ramin, uwar ta fita ta ɗebo ruwan fure ta ba su baki da baki har su yi ƙarfi. Mazan su fita neman filinsu. Matan kuwa wasu su tafi su fafe nasu, wasu su zauna.

Sai dai ko mata nawa ne a ramin, ɗaya ce kawai ke yin ƙwai, kuma ita ce ke fita kiwo. Ta biyun aikinta gadi: ta tsaya a bakin ƙofa, in wani abu ya taho ta toshe ramin da jikinta. Kuma gadin yana da dalili. Idan fure ya yi ƙaranci, maƙwabciya takan shiga gidan da ba kowa ta kwashe garin furen da aka sha wahalar tarawa. Wata ma ba sata ta kawo ta ba, gidan take so gaba ɗaya, don samun ramin da aka riga aka fafe ya fi fara sabo sauƙi nesa ba kusa ba. Ga kuma tururuwa. Mai gida da ke da mai gadi tana iya daɗewa a kiwo hankalinta kwance.

Mulkin gidan kuma ba ya dawwama. Wata rana 'yar da ta girma, ko wata baƙuwa daga waje, takan yi kokawa da mai gidan a cikin ramin. In ta yi nasara, takan fasa wasu ɗakunan ta zubar da ƙwai da ƙananan tsutsotsin da ta tarar, ta sa nata. Wadda aka kayar ko dai ta bar gidan, ko ta koma bakin ƙofa ta zama mai gadi. Sau da yawa tsohuwar uwar ce, fukafukanta duk sun yage saboda aiki, take ƙare kwanakinta tana tsaron gidan da ita ta fafe, a ciki kuwa akwai sauran 'ya'yanta da jikokinta. Masana suna kallon wannan zama a matsayin mataki tsakanin ƙwaron da ke rayuwa shi kaɗai da babbar jama'a irin ta amya. Ni dai ina ganin ko don wannan kaɗai ya isa mutum ya ja kujera ya zauna kusa da ramin na ɗan lokaci ya kalli mai shiga da mai leƙowa.

Me yake amfana wa manomi?

Barbarar fure, kuma irin wadda ƙudan amya ba ya iyawa.

A ɗauki tumatir da gauta da yalo. Garin furensu a kulle yake cikin wasu 'yan bututu masu ƙaramar kafa a baki, ba ya zubowa sai an girgiza. Masassaƙiya takan rungumi furen, ta tsayar da fukafukanta, ta kaɗa naman ƙirjinta da ƙarfi. A lokacin za ka ji sautinta ya canja daga ruri mai kauri ya koma siriri mai kaifi, garin ya yi tsartuwa ya zubo mata a ciki. Ƙudan amya bai iya wannan girgiza ba ko kaɗan. Iska ma tana kaɗa furen tumatir a fili, amma furen da aka girgiza sosai ya fi ɗaukar 'ya'ya, kuma 'ya'yan sun fi cika. A Turai masu noman tumatir a rumfunan gilashi kuɗi suke sawa su sayi wani ƙudan zuma mai gashi, Bombus, don wannan aiki. Shi Bombus ba a samunsa a Afirka kudu da Sahara. Mu namu mai girgizar, babbansu shi ne masassaƙi, kuma kyauta yake yi.

An gwada wannan iri a kan shammam, wani ɗan uwan kankana, a cikin rumfar noma a Isra'ila, aka wallafa sakamakon a 2007: shukar da masassaƙi ya yi wa barbara ta ɗauki 'ya'ya ninki uku na wadda ƙudan amya ya yi wa. A Burazil kuwa masu noman wani ɗan itace da ake kira marakuja sun dogara ne da manyan 'yan uwansa, inda suka yi ƙaranci sai an ɗauki ma'aikata suna barbarar da yatsa.

Wake fa? Ai an ce shi ke yi wa kansa barbara.

Haka ne, furen wake yawanci da garinsa yake ɗaukar ciki tun kafin ya gama buɗewa. Amma furen a rufe yake da wani leɓe da sai ƙwaro mai nauyi ya sauka a kai yake dannuwa, kuma masassaƙi yana da nauyin. Binciken da masanan jami'o'in Kamaru suka yi a Ngaundare da Yawunde ya nuna cewa ziyarar Xylocopa olivacea tana ƙara yawan kwanso da ƙwaya a wake da danginsa. Ga Najeriya da Nijar, waɗanda su ne kan gaba a noman wake a duniya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai wani ɓangaren da masu samar da iri ya kamata su sani. A gaɓar tekun Kenya, masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe, ƙarƙashin Rémy Pasquet, sun liƙa wa wani ɗan uwansa, Xylocopa flavorufa, 'yar na'urar rediyo a baya suka bi shi. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna yana kaiwa furen wake har nisan kilomita 6 daga gidansa, kuma a fita ɗaya yana iya taɓa waken gona da na daji. Yawancin tashinsa dai a cikin gona ɗaya ne, daga fure zuwa na kusa da shi, tsallakawa wata gonar kaɗan ne. Duk da haka, tun da Najeriya ta amince a 2019 da irin waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda aka sauya wa halitta don ya jure tsutsar da ke huda kwanso, duk mai son ajiye tsantsar wani iri ya san cewa garin fure ba ya tsayawa a iyakar gona.

Me ya sa kullum nake ganinsa a kan tumfafiya?

Domin su biyun sun dace da juna. In ka tsinki furen tumfafiya ka duba tsakiyarsa, ba za ka ga gari a warwatse ba. Garin a ɗaure yake cikin 'yan jakunkuna bibbiyu, kowane biyu da ɗan maƙali, a ɓoye a bayan wasu siraran tsagogi guda biyar. Idan masassaƙiya ta sauka tana zuƙar ruwan furen, ƙafarta takan zame cikin tsagar, in ta fizgo sai ta fito da jakunkunan a maƙale. A fure na gaba su shige wata tsagar su tsinke a ciki. Ƙaramin ƙwaro ba shi da ƙarfin fizgar. Masanin tsirrai Dan Eisikowitch ya nuna a 1986 cewa a Isra'ila masassaƙa ne ke yi wa tumfafiya wannan aiki.

Tumfafiya kuma tana fure har a tsakiyar rani, lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Wanda ya bar 'yan tumfafiya a gefen gonarsa ya bar wa masassaƙi abin da zai riƙe shi har damina.

An ce yana yi wa fure sata.

Yana yi. In furen dogo ne harshenta ba ya kaiwa ƙasa, sai ta tsaga gindinsa daga waje ta zuƙe ruwan ba ta taɓa garin ba. Wannan furen bai samu komai ba. Amma a kan amfanin gonar da aka ambata a sama ta ƙofa take shiga.

Na kama ɗaya na ga wasu ƙananan ƙwari a jikinta. Cuta ce?

Ba lallai ba. Matan wasu 'yan uwansa na Afirka, irin su Xylocopa caffra, suna da wani aljihu a farkon cikinsu, inda wasu 'yan ƙwari dangin kaska da ake kira Dinogamasus suke zama. In ta yi ɗaki sai wasu su sauka su zauna tare da tsutsar, in 'yar ta girma su shige aljihunta ta fita da su. Ba sa kama mutum, ba sa kama dabba.

Zai iya karya mini rufin ɗaki?

Rami ɗaya ko biyu ba sa karya katako mai kauri. Inda ake samun matsala shi ne in an bar su shekara da shekaru a itace ɗaya, kowace zuriya tana ƙara rassa a ramin da ta gada, har cikin itacen ya zama fanko. Siririn katako mai laushi, da gwangwala, da gora, da dirkar rumfa da ta bushe ta fara ruɓewa, su suka fi jawo shi. Itace mai tauri irin azarar giginya ba shi ne zaɓinsa ba, kuma ba ya fafe ɗanyen reshe mai rai, don haka mangwaronka da darbejiyarka ba abin da zai same su.

In ya dame ni, yaya zan yi ba tare da na kashe shi ba?

A shafa wa katakon fenti ko banish, musamman ƙasansa da bakin da aka yanka, don itacen da ba a shafa wa komai ba ya fi so. Ramin da ya riga ya kasance, a sa masa ido kwana biyu. In ba mai shiga ba mai fita, ba sabon gari a ƙasa, a buga masa turken itace da gam a shafe. In aka toshe da mai gida a ciki, wata ƙofar za ta huda ta fito, an ƙara ɓarna ke nan. In itacen na cirewa ne, a cire shi bayan magariba lokacin da duk suna ciki, a kai shi gefen gona a rataye a inuwa yadda yake a da, ƙofar tana kallon inda take kallo.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne zuba fetur a ramin ko cusa masa wuta. Ramin yana da zurfi, garwashi yana iya kwana a ciki yana ci, ga rufin ciyawa ko silin a sama.

Feshin maganin ƙwari yana kashe shi?

Ƙwarai kuwa, kuma a gonar wake abin ya fi muni, don lokacin fure ne aka fi yin feshi. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, kuma a wannan tsakanin ne masassaƙi yake kai. Mai feshin safe kai tsaye yake watsa masa guba, wadda ta tsira kuma ta kai gurɓataccen gari gida ta ciyar da tsutsotsinta. In feshin ya zama dole, a bari sai bayan la'asar sakaliya, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a kuma kauce wa ciyayi masu fure na gefen gona.

Ana iya kiwonsa kamar yadda ake kafa amya?

Ba a kama shi a zuba a akwati, amma ana iya yi masa masauki ya zo da kansa. Abin da ya fi rasa a yau shi ne busasshen itace, don duk wanda ya faɗi a daji ya tafi murhu ko ramin gawayi. A samu guntayen itace masu laushi da suka bushe sarai, kaurin cinya ko fiye, ko gora mai faɗin rami. A rataye su a ƙarƙashin wata 'yar rumfa a gefen gona ko lambu, sama da ƙasa yadda gara da ruwa ba za su kai ba, nesa da inda yara ke wasa. Ana iya fara musu ɗan huji mai faɗin santimita ɗaya da ɗan ƙari a ƙasan itacen don a rage musu aiki. Kada a shafa fenti, kada a riƙa motsa su. In mace ɗaya ta kama, 'ya'yanta sukan fafe nasu a itacen ko a na kusa da shi, don haka a rataye guda uku ko huɗu wuri ɗaya tun farko, a kuma ƙara sabo idan tsohon ya cika da ramuka.